Amsar tambayarka kan shanyewar ɓarin jiki a zangon Kumasi

Malam, na ga tambayar da kayi, wai da gaske ne mu 'yan zango muna yarda a ɗebi jininmu da na marasa lafiyarmu a tafi dashi bincike, kuma bama tsoro? Eh da gaske ne, amma ba kowa ba. Kuma na san inda tsoronku ya samo asali, duk wanda ya san abinda ya faru a Kano shekarar 1996 lokacin annobar sanƙarau, da gwajin maganin nan Trovan da akayi akan yara, bazai ga laifin Bakano ba in ya ja baya da yaji kalmar bincike. Mu ma nan tsofaffinmu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango in kace jini sai su ce na tsafi ne.

Abinda ya sa wasunmu suka sauko shine ciwon kansa. Shanyewar ɓarin jiki ta yi mana yawa wallahi, mutum yana zaune a shagonsa a kasuwa sai baki ya karkace hannu ya saki, magana ta ƙi fita, a ɗora shi a pragya wato keken ku, a nufi Gee, haka muke kiran asibitin Komfo Anokye. Da can gida ake fara kwantar dashi a kira malam, ace jifa ne ko iska ta buge shi a banɗaki, sai an kwana biyu ana rubutu da hayaƙi sannan a tuna da asibiti. Yanzu a gidaje da yawa an juya, asibiti tukuna, malam ya biyo mu can da addu'arsa, babu wanda ya hana tofi.

Dalili kuwa, ciwon iri biyu ne kuma da ido baza ka bambance ba. Ko jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe jini ya zuba, sai anyi hoton kai ake ganewa. Wanda tasa ta fashe in ka ɗura masa asfirin don ka ji ance yana tsinka jini to ƙara masa zuba kayi. Kuɗin hoton nan kuwa sau tari dangi da 'yan susu ke haɗawa, susu shine adashinku.

To binciken da kake tambaya sunansa SIREN, kuma abinda zai baka mamaki ba namu bane mu kaɗai, asibitoci 15 ne a Ghana da Najeriya, harda naku na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagororin, a nan Kumasi kuma Farfesa Fred Sarfo. Yadda sukeyi, duk mara lafiya ɗaya sai a nemo masa mai lafiya sa'ansa, jinsi ɗaya ƙabila ɗaya, ayi musu tambayoyi iri ɗaya, me kake ci, gishiri fa, taba fa, a auna ƙugu a auna jini da suga, bayan an yi maka bayani ka yarda ka sa hannu. A 2018 suka fitar da sakamakon masu ciwo 2,118 da abokan gwajinsu, hawan jini shi kaɗai yana da hannu a kusan 90 cikin 100. Kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, wanda ya fi na Turawa nesa ba kusa ba, sannan kusan ɗaya cikin huɗu basu kai shekara 50 ba. Wannan na ƙarshen shi yafi tsaya min a rai, masu ƙananan yara kenan, masu biyan haya da kuɗin makaranta.

Sun kuma gano cin nama kullum da ƙara gishiri a abinci bayan an dafa da ciwon suga da damuwa duk suna ƙara haɗarin, ganye kuma yana ragewa. Anan ne abin ya taɓa tukunyarmu, don mu mutanen cicinga ne da yamma, wato tsirenku, ga koobi da momoni kifin gishirin da muka koya wajen Asantawa, ga magi a komai har miyar waakye, shinkafa da waken mu. Sa'armu ɗaya tuwon zafi da miyar ganyen ayoyo, ku kuma kuna da zogale da rama da alayyahu, ba sai kun nema ba. A jinin da aka ɗiba ne ma suka ga alaƙa tsakanin wata ƙwayar gado da ake kira APOL1, wadda ta fi yawa a mutanen Afirka ta Yamma, da toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wannan kam da jinin Bature aka dogara da wuya a gano shi.

Inda har yanzu muke fama shine shan maganin hawan jini. Mutum ya sha na tsawon wata guda yaji kai ya daina ciwo sai ya ajiye, alhali hawan jini ba ya gaya maka yana nan. A masallacin unguwarmu akwai wata nas 'yar zango da ke zuwa da na'urarta wasu ranakun Juma'a ta zauna a bakin ƙofa kan benci, dattijai su nannaɗe hannun riga su bi layi, tana rubuta wa kowa lambarsa a takarda, wanda tasa ta haura 140 bisa 90 tace ya je asibiti da katin inshorarsa a makon nan.

Ka ce Hajiya tana yawan kukan ciwon ƙeya da jiri, dan Allah gobe ka kaita ko kemis ne a auna ta, a sake aunawa jibi, ka turo min lambobin duka biyun.