Duniya na ɗumama, shin za a sake ganin dusar ƙanƙara irin ta da?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗumamar yanayi ta kawo ƙarshen manyan guguwar dusar ƙanƙara. A'a, da sauran rina a kaba.

An sha ganin masu muni. A Maris 1888 guguwa ta binne Niyok da arewa maso gabashin Amurka, mutum fiye da 400 suka rasu. Ta Iran a Fabrairun 1972 ta fi ta ɓarna, kusan mutum 4,000, ƙauyuka sukutum suka nutse.

Abin da mutane ba sa lura da shi: duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, iska na iya riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari. Idan iska mai danshi haka ta gamu da sanyi mai daskarar da ruwa, sai dusar ta zubo da yawa a lokaci guda. Birnin Boston na Amurka ya samu jimillar dusa kusan mita 2.8 a hunturun 2014 zuwa 2015, adadi mafi yawa tun da aka fara aunawa.

A ganina hunturu zai riƙa gajarta, wasu wuraren ruwan sama ya maye gurbin dusa, amma inda sanyi ke da ƙarfi za a iya kafa sabon tarihi. Abin da ke damuna shi ne garuruwa su saki jiki su rage shiri.