Me ya sa Orlando ya kwanta namiji ya tashi mace?

Tambaya: Malam, an ba mu littafin Orlando na Virginia Woolf a darasin adabin Ingilishi. Ana tsakiyar labari sai jarumin ya koma mace, ba a faɗi dalili ba. Tatsuniya ce kawai, ko da abin da marubuciyar ke nufi?

Amsa: Ƙanwata, da gangan Woolf ta ƙi kawo dalili, domin ba sauyin ne ya dame ta ba, abin da ya biyo bayansa ne. Orlando saurayi ne ɗan babban gida a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ya rayu sama da shekara 300. Yana jakada a birnin da yau ake kira Istanbul ya yi barcin kwana bakwai, ya farka mace. Hankalinsa da halinsa da abin da yake tunawa duk suna nan yadda suke.

Mutane ne suka sauya mata fuska. A jirgin ruwan da ya maido ta Ingila ta lura siket ya dabaibaye mata ƙafafu, ko da za ta faɗa teku ba ta iya iyo sai an tsamo ta. Wani ma'aikacin jirgi ya hango idon sawunta, saura ƙiris ya faɗo daga sama. Tana isa Landan ta tarar da ƙararraki a kotu: wai ta mutu, saboda haka ba ta da ikon mallakar komai, wai kuma mace ce, abin da Woolf ta ce kusan duk ɗaya ne. A ganina nan ne cibiyar littafin.

Maganar kuwa ba shaci-faɗi ba ce. Woolf ta gina Orlando a kan Vita Sackville-West, aminiyarta da soyayya ta shiga tsakaninsu. Vita ita kaɗai ce wurin mahaifinta, amma da ya rasu a 1928 sai katafaren gidansu na Knole ya koma hannun baffanta, don gadon gidan na maza ne. A shekarar littafin ya fito, kuma a shekarar ce matan Birtaniya suka samu damar jefa ƙuri'a daga shekara 21 kamar maza. A shekarar ce ma kotu ta haramta littafin The Well of Loneliness na marubuciya Radclyffe Hall saboda batun soyayyar mata biyu. Littafin Orlando kuwa ya tsira, ina kyautata zaton don ya lulluɓe zancensa da barkwanci.

Ki haɗa shi da wani littafin Woolf, A Room of One's Own na 1929, inda ta ce mace ba ta rubutu sai da ɗakin kanta da fam 500 a shekara. Sai dai ki lura, fam 500 a wancan lokaci ba kuɗin 'yar aiki ba ne, shi ya sa wasu manazarta ke cewa matan masu hali ta fi yi wa magana.