Amsa: Me masu binciken cutar kansa ke yi da furotin GRB2 na ɗakin gwaji?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake ƙera irin wannan furotin a ɗakin gwaji, alhali ba ya sarrafa komai da kansa. Gaskiya ne, GRB2 ba enzayim (furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai) ba ne, dillali ne kawai: aikinsa haɗa wannan da wancan. Amma nan ne muhimmancinsa yake.

An bayyana shi a 1992. Yana da sashe ɗaya mai suna SH2 a tsakiya, da SH3 guda biyu a gefe da gefe. Idan saƙon girma ya iso kan EGFR, furotin mai karɓar saƙon a fatar ƙwayar halitta, sai sinadarin fosfat ya hau kan tayirosin ɗin EGFR (tayirosin ɗaya ne daga tubalan ginin furotin). SH2 ya cafke wurin, SH3 kuma su jawo wani furotin mai suna SOS, shi kuma SOS ya kunna RAS, furotin da ke aiki kamar makunni, ƙwayar ta kama rarrabuwa. A wata kansar jini da ake kira CML, gurɓataccen furotin BCR-ABL yana riƙe GRB2 ta tayirosin na 177 da ke jikin BCR-ABL ɗin, sai saƙon ya ƙi yankewa.

Ƙera GRB2 kuwa, ana saka ƙwayar gadonsa a cikin bakteriyar E. coli, a liƙa masa alamar His ko GST domin a tace shi cikin sauƙi. Da tatacce ake auna ƙarfin kamunsa, a gano siffarsa, a gwada magungunan da za su raba shi da abokan hulɗarsa. Wannan na ƙarshe da wuya yake, don ba shi da wani rami mai zurfi da magani zai shige ya zauna.

Sai dai ka kula, bakteriya galibi ba ta ɗora masa fosfat yadda ƙwayar mutum ke yi, don haka sai an sake tabbatar da sakamakon a ƙwayoyin halitta masu rai na cutar kansa.