Tambayi Masana: Yaya ake tantance wanda zai kafa ƙananan gine-gine a gefen layin dogo?

Wasiƙun wannan makon duk a kan aikin reluwe suke, kuma injiniyoyin da ke kula da filin ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni helma ne a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. An ba mu aikin kafa turakun alamar kilomita, gindin akwatin sigina da kwatar da ake shimfiɗa wayoyi a ciki. An ce ba wanda zai taɓa aikin sai an tantance shi, alhali yarana magina ne da suka shekara goma a sana'a. Me za a duba da ba su sani ba? — Mai karatu daga Kazaure

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba mu musun ƙwarewar yaranka, amma gini a cikin gari daban, gini a gefen dogo daban. Turken alama aikin rabin yini ne, sai dai a inda ake kafa shi jirgi na wucewa, wayoyin sigina na binne, kuma tsakuwar da ke riƙe da layin ba ta son a taɓa ta. Saboda haka mai tantancewa na gari ya fi zuba ido a kan abin da mutum ya yi kafin ya ɗaga diga.

Yana fara tambayarsa: layin nan a rufe yake ko jirgi na bi? Wa ya ba da izini, daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Idan an busa usur, ina za ka tsaya? Wanda ya juya yana neman amsa a fuskar abokinsa bai shirya ba tukuna. Ana kuma son ya fahimci lissafin mai sa ido, wato wanda aka naɗa ya hango jirgi ya gargaɗi ma'aikata. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ma'aikata na bukatar daƙiƙa 25 su ajiye kaya, su fita, su natsu a wurin tsira, to dole a hango jirgin tun yana nisan kusan mita 700. In kwana, tudu ko ƙurar hunturu sun hana ganin wannan nisan, tuta da usur ba su wadatar, sai an rufe layin. Kada kuma a dogara da kunne. A ranar 3 ga Yuli, 2019, a Margam da ke kudancin Wales, jirgi ya kashe ma'aikata biyu da ke aiki da inji mai ƙara, kunnuwansu a toshe, kuma ba a naɗa musu mai sa ido ba.

Sai awo. Tazarar da zane ya bayar tsakanin gini da layi daga gefen ciki na kan ƙarfen dogo ake auna ta, wato inda ƙafar jirgi ke gogawa. Magini da ya saba da gini yakan ɗora tef a ƙarshen gungumen kankaren da ke ƙarƙashin ƙarfen, ko a bakin tsakuwa, don ya fi sauƙi, sai turken ya tashi a wurin da ba nasa ba. A kan kwana abin ya fi tsanani, domin tarago miƙaƙƙe ne, ba ya lanƙwasa da layin. Taragon da ke da mita 18 tsakanin ƙafafunsa na gaba da na baya, in ya shiga kwanar da zagayenta ke da nisan mita 300 daga cibiya, tsakiyarsa na leƙowa ta cikin kwanar da kusan milimita 135. Idan kuma an ɗaga ƙarfen waje da milimita 100, taragon zai karkata, a tsayin mita 3 ya matso da wajen milimita 200. Wanda bai san dalilin da ya sa tazarar kwana ta fi ta miƙaƙƙen layi ba, wata rana zai ga lambar ta yi masa yawa ya rage ta da kansa. Tef ɗin ma ana dubawa: a layin da sigina ke gane jirgi ta hanyar lantarkin da ke bin ƙarafa, tef na ƙarfe ko rodi da aka gitta kan ƙarafan biyu zai sa sigina ta ɗauka jirgi ne. Tef mara ƙarfe ake so.

Wajen haƙa, ana duba ko ya nemi zanen wayoyin da ke ƙasa, ko an bi wurin da na'urar gano kebul, ko ya fara da ramin gwaji da shebur. Ƙa'idar da aka saba ita ce ba a kusantar kebul da inji ƙasa da rabin mita. Ƙasar da aka tono ba a zuba ta a kan tsakuwar dogo, domin tana toshe kafofin da ruwa ke bi ya tsane. Mafi muni shi ne yanke kafaɗar tsakuwa, wato tudun tsakuwar da ke gefen layin, don a samu wurin aiki. A layin da aka haɗa ƙarafansa da walda, wannan kafaɗar ce ke hana layin gocewa, kuma ƙarfe a rana kan ɗara zafin iska da digiri 20. A bazarar Afrilu, ramin da aka bari buɗe a gefen layi tsakar rana ya isa ya sa ƙarfen ya murɗe.

Daga nan ne aikin da yaranka suka sani ke farawa: akwatin zubi, rodi, kankare, filam (ma'aunin miƙewar gini). A ƙarshe a sake auna tazara bayan an kafa, a rubuta, a ƙirga kayan aiki, a tabbatar ba a bar komai a kan layi ko a magudanar ruwa ba, sannan a sanar da wanda ya ba da izini cewa an tashi. Da yawa a nan suke faɗuwa, sun yi aiki mai kyau amma sun tafi ba su mayar da layin ga masu shi ba.

Tambaya: An turo ni in zama mai tantancewa a wurin aikinmu. Takardar da aka ba ni jerin akwatuna ce da zan riƙa sa wa alama. Ya isa haka? Kuma maki nawa ne cin jarrabawa? — Wata injiniya daga Kaduna

Amsa: Hajiya, ba maki a wannan harka. Hukunci biyu ne: ya iya, ko bai kai ba tukuna. Wanda ya yi abu tara cikin goma daidai amma ya tsaya a kan layi yana amsa waya bai samu kashi casa'in ba, bai kai ba ne. Haka tsarin shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa da hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ke kula da shi yake tafiya: akwai mai tantancewa, akwai mai bin diddigin aikinsa a cikin gida, akwai kuma wani daga waje.

Takardar akwatuna tunatarwa ce kawai. Hujjar da za ki tsaya a kanta ita ce abin da kika gani da idonki a wurin aiki na gaske, kuma fiye da sau ɗaya, a yanayi daban-daban: turke a miƙaƙƙen layi yau, kwatar waya a kwana wani makon. Ki haɗa da abin da aikin ya bari, kamar takardar awo, hoton rami kafin zubi, da sakamakon gwajin kankare. Shaidar helma tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin gani. Kowace hujja ki tambayi kanki abu huɗu a kanta: ta shafi abin da ake aunawa? Aikinsa ne shi kansa, ko na ƙungiya ne ya fake a ciki? Ta kwanan nan ce? Ta wadatar?

Abin da ba zai faru a gabanki ba, da baki za ki tambaya, kuma da harshen da mutumin ke ji. Shebur ya ci karo da kebul da ba ya cikin zane, me za ka yi? Ramin ya fara zubewa ta ɓangaren layi, wa za ka fara kira? Amsar da ake nema ita ce a tsayar da aiki, a janye mutane, a sanar da mai kula da layin. Wanda ya ce zai mayar da ƙasa ya rufe ya yi shiru, kin ji abin da kike nema.

Kuskure biyu ne suka fi kama sababbin masu tantancewa. Na farko koyarwa a tsakiyar gwaji: "ba ka manta wani abu ba?" Da kin faɗi haka, ƙwaƙwalwarki kike aunawa. Na biyu yin shiru ana shirin ɓarna don a ga ƙarshenta. Idan rai ko layin na cikin haɗari, ki dakatar nan take, ki rubuta dalili, a sake wata rana bayan horo. Kuma in da hali, kada ki tantance wanda ke kika horar, ko ɗan'uwanki. Kunya ba ta barin mutum ya rubuta gaskiya.

Tambaya: Gindin turke mai faɗin santimita 60 a kan 60, zurfin 90, siminti nawa zai ci? Namu na karkacewa bayan damina. — Birkila daga Zariya

Amsa: Maigida, ramin nan kusan sulusin mita kubik ne. A haɗin 1:2:4 (siminti, yashi, tsakuwa), buhu biyu masu kilo 50 zai ci, kowane buhu da kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, da ruwa wajen lita 25. In zane ya ba da wani haɗi, shi za ka bi. A bar milimita 50 tsakanin rodi da fuskar kankare, 75 in kankaren na taɓa ƙasa kai tsaye. A jiƙa shi aƙalla kwana 7, a ɗebi samfur a gwada ƙarfinsa a kwana 7 da kwana 28.

Karkacewar kuwa, da wuya laifin siminti ne. Ko dai an zuba a kan ƙasa mai laushi da ba a daddage ba, ko an mayar da cikon gefe gaba ɗaya maimakon hawa-hawa na santimita 15 ana dannewa, ko an ɗora turken tun kankare bai kama ba, ko saman gindin ya kwanta yadda ruwa ke taruwa. Ka ɗan ɗaga saman, ka ba shi gangare ta ɓangaren da ba layi ba. Abin lura a gefen dogo shi ne turken da ya karkata ta ɓangaren layi yana cinye tazarar da aka auna, don haka a sake sa masa filam bayan ruwan farko.

Tambaya: Na ji ana maganar wani kati da ake ba ma'aikatan dogo a Ingila. In na samu, zai yi mini aiki a layin Kano zuwa Maraɗi? — Ɗalibi daga Katsina

Amsa: Katin Sentinel kake nufi, na kamfanin Network Rail da ke riƙe da layukan Birtaniya. A kansa ake rubuta kwas ɗin da suke kira PTS, na kare kai a kan layi, kuma sai wani kamfani ya tsaya wa mutum, an gwada lafiyarsa, sannan ya samu. Yana da wa'adi, in ya ƙare sai an sake gwaji. A ƙa'idarsu wurin tsira mita 1.25 ne daga ƙarfe mafi kusa inda gudun jirgi bai wuce mil 100 a awa ba, mita 2 in ya wuce, kuma mutum ya isa can daƙiƙa 10 kafin jirgi ya iso. Kayan aiki ana ajiye su aƙalla mita 2 daga ƙarfe.

Katin na layukansu ne, kuma ko a can izinin tsayawa kusa da layi yake bayarwa, shaidar iya kafa gini dabam ake nemanta. A nan gida ƙa'idar mai layin da zanen aikin ake bi. Ka lura ma da cewa faɗin layi biyu gare mu: tsohon layin da ya iso Kano a 1911 milimita 1,067 ne, sababbin irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Maraɗi da ake ginawa 1,435 ne. Tazarar da mutum ya haddace a ɗaya ba ta aiki a ɗayan, dole ya sake karanta zane. Idan ilimin sufurin jiragen ƙasa kake nema a kusa, ka tuntuɓi Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke Zariya ko Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, ka ji kwasa-kwasan da suke ɗaukar ɗalibai a kansu bana.