Gobara daga kogi ko gobarar Titi?

Wani ɗalibi mai koyon kaɗa jita ya rubuto daga Zariya: "Malam, waƙar farko da aka koya mini ita ce Smoke on the Water ta ƙungiyar Deep Purple. An ce ma'anar sunan hayaƙi a kan ruwa. Shin wannan ne Bahaushe yake kira gobara daga kogi? Sannan in zan ce waƙa ta yi sama a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa, tashe zan ce ko yayi?"

Ɗan'uwa, ka ji ruwa, ka ji hayaƙi, sai hankalinka ya tafi kogi. Ba laifinka ba ne, amma ba nan karin maganar ta dosa ba. Cikakkiyarta ita ce "gobara daga kogi, maganinta Allah". In wuta ta kama gida, kogi ake rugawa a ɗebo ruwa. To in daga kogin ta taso fa, ina za a ruga? Ana faɗarta in masifa ta ɓullo daga inda ake sa ran magani, kamar a ce maigadin da ka ɗauka shi ya buɗe wa ɓarayi ƙofa, ko dattijon da aka kira sulhu shi ke zuga masu faɗan.

Abin da ya haifi waƙar taka daban ne. A watan Disambar 1971 mawaƙan Deep Purple, 'yan Ingila, suka je garin Montreux na Suwizalan, a bakin tafkin Geneva, da motar ɗaukar sauti da suka yi haya daga ƙungiyar Rolling Stones. Niyyarsu su ɗauki sabon kundin waƙoƙi a zauren gidan cacar garin. Ran 4 ga wata, mawaƙin Amurka Frank Zappa yana tsakiyar wasa a zauren, sai wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi, irin wadda ake neman agaji da ita, wuta ta kama rufi. Ginin ya ƙone ƙurmus, sai dai Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Daga masaukinsu 'yan Deep Purple suka riƙa kallon hayaƙi ya kwanta a kan tafkin, kuma daga nan mai kaɗa babbar jita, Roger Glover, ya samo sunan. Ka ga wutar a tudu take, hayaƙinta ne kawai ya sauka kan ruwa. Ruwan ma tafki ne. Kogi gudu yake yi, tafki kuwa a kwance yake, kada mu riƙa cakuɗa su.

In karin magana kake nema, wadda ta zauna daram ita ce "gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos". Labarin da ake bayarwa shi ne gudummawar da Titi ta samu bayan gobarar ta fi abin da wuta ta ci. Haka ta kasance da waɗannan mutane. Sun rasa zaure, suka koma wani gidan wasa mai suna Pavilion, inda suka ɗauki kiɗan waƙar kafin maƙwabta su kira 'yan sanda saboda ƙara. Daga nan suka tare a otal ɗin Grand, wanda ba kowa a cikinsa saboda sanyi, suka jingina katifu a bango suka ƙarasa aiki a hanyar da ke tsakanin ɗakuna. Duk wannan wahala ita suka mayar waƙa, kuma ita ce ta fi duk sauran waƙoƙinsu suna a duniya. Zubin jitar Ritchie Blackmore da ke buɗe ta sautuka huɗu ne kacal, shi ya sa malaminka ya fara maka da shi.

Sai batun tashe da yayi. Tashe daga tashi yake, na wanda ke kan ganiyarsa: ɗan dambe yana tashe, mawaƙi yana tashe, waƙa tana tashe. (Wasan yara na watan azumi ma tashe ne, amma wannan zancen wata rana.) Yayi kuwa da ranar mutuwarsa ake haihuwarsa. Atamfa ake yayi, ɗinki ake yayi, baɗi a ce an daina yayinsa. In cinikin faifai kake nufi tsantsa, ka ce ta yi kasuwa.

Auna su da wannan waƙa. Kundinsu Machine Head, wanda waƙar ke ciki, ya fito a Maris 1972 ya zama na 1 a Birtaniya, amma masu waƙar ba su ɗauke ta bakin komai ba. Sai a Mayun 1973 aka fitar da ita a ƙaramin faifai a Amurka, ta haura har matsayi na 4 a jerin waƙoƙi 100 na mujallar Billboard. Wannan shi ne tashenta. A Birtaniya sai 1977 ta fito a ƙaramin faifai, ta tsaya a na 21. Yayi dai ba zan yarda a kira ta ba, tunda ga ka a Zariya bayan shekara 50 da ɗoriya kana fama da ita a yatsu.

Wani abu da ya kamata ka sani: a daidai lokacin da take hawa a Amurka, ƙarshen Yunin 1973, mai rera ta Ian Gillan ya bar ƙungiyar, Glover ma ya bi bayansa.