Tambayi Likita: Ana iya gano zazzaɓin denge ba tare da ɗibar jini ba?

Likita, a unguwarmu an kawo wata na'ura, mutum ya riƙe ƙarfe a hannu sai kwamfuta ta karanto masa cututtukansa. Tana gano denge? (Wani ɗan kasuwa, Kano)

Ba ta gano denge, ba ta gano komai. Riƙe kuɗinka ka tafi asibiti.

Ɗana mai shekara biyar yana zazzaɓi kwana uku, yana kukan kai da bayan ido. Gwajin maleriya bai nuna komai ba, sai aka ce a ɗebi jini a duba denge. Kakarsa ta hana, ta ce jinin yaro zai ƙare. Babu gwajin yawu ko fitsari? (Wata uwa, Sakkwato)

Hajiya, tambayarki ce ta fi damuna, don wannan tsoron ya sa iyaye da yawa sun koma gida da yaro ba a san ciwonsa ba. A lallashi Kaka: yaro kamar naki yana da jini fiye da lita guda, abin da za a ɗiba kuwa bai wuce cokalin shayi ba, jiki zai mayar da shi ba tare da an sani ba.

Masu bincike sun ga ana samun ƙwayar cutar a yawu da fitsari, har a fitsari takan daɗe fiye da yadda take daɗewa a jini. Matsalar ita ce gwajin yana tsallake marasa lafiya da yawa, ya ce babu alhali akwai, kuma bai shigo asibitocinmu ba tukuna.

Akwai wata tsohuwar hanya da ba ta buƙatar allura. A ɗaura abin awon hawan jini a damtse, a hura shi ya tsaya tsakanin lamba ta sama da ta ƙasa, a bar shi minti 5, sannan a duba fatar hannu a ƙirga ƙananan ɗigon jini a fili mai faɗin inci guda. In sun kai 10, zargin denge ya yi ƙarfi. Sai dai a baƙar fata irin tamu ɗigon nan da ƙyar ake ganinsa, kuma wasu masu cutar ba ya fito musu sam. Ma'aikacin lafiya ke yin sa, kada a ɗaure wa yaro hannu da roba a gida.

Jinin ne dai ke raba gardama. A kwanaki biyar na farko gwajin NS1 ko PCR, masu neman alamar ƙwayar cutar a jini, ke kama cutar, bayan nan sai na IgM, mai neman garkuwar da jiki ya samar. Kuma likita yana so ya ga ko jinin yana yin kauri, ko ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini suna raguwa. Yawu ba zai faɗi wannan ba. Hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da cewa denge ya ɓulla a Sakkwato a watan Nuwamban 2023, saboda haka wanda ya nemi gwajin ya san abin da yake yi.

Ki lura da wannan sosai: haɗarin denge yakan zo ne lokacin da zazzaɓi ya sauka, tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai sa'adda ake cewa alhamdulillahi ya samu sauƙi. In kika ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo, jini a dasashi, ko yaro ya yi laushi tafin hannunsa ya yi sanyi, ki ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye. Ni da za ki ji tawa, yau ɗin nan za ki mayar da shi.

Hoton ciki fa, yana nunawa? (Wata malamar makaranta, Maraɗi)

Yana nuna ko ruwa ya fara taruwa a ciki ko a ƙirji, alamar ciwo ya yi nisa. Ba ya faɗin sunan cutar.

An ce ƙanena denge ne. Yana shan Alabukun saboda ciwon gaɓɓai, kuma za mu kira wanzami ya yi masa ƙaho ya fitar da mataccen jini. (Wani mai karatu, Gusau)

Haba malam! Cutar da ke hana jini tsayawa, ita za ku sa wa aska? Ku sallami wanzamin. Alabukun kuma akwai asfirin a ciki, shi da ibuprofen da diclofenac duk suna iya jawo zubar jini a ciki. Farasitamol kaɗai, bisa ƙa'ida, da ruwa mai yawa da ruwan gishiri da sukari. In bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini, ku garzaya asibiti, ban da kemis.

Muna kwana a gidan sauro, ya isa? (Wata amarya, Zariya)

Ku ci gaba, amma sauron denge da rana yake cizo, musamman da safe da yamma. Ku rufe randa da duro, ku zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi duk mako.