Na raba wa masu busa biyar kiɗan ragtime, amma numfashi na ƙare mana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina busa tiramfet a wata ƙungiyar badujala. Mu biyar muka ware muna atisaye: tiramfet biyu, hon, tirombon da tuba. Na tsara ɗan kiɗan ragtime a piyano, ya yi daɗi, amma da na raba mana shi sai ya yi nauyi, kafin mu kai rabi numfashi ya ƙare. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai. Matsalar ita ce piyano ba ya numfashi, ku kuwa da huhu da leɓe kuke aiki. Ragtime a kan piyano ya girma, a hannun baƙaƙen fatar Amurka, musamman a jihar Misuri, wajejen 1890 zuwa sama. Mai piyano zai yi minti huɗu hannunsa bai tsaya ba. Ka ɗora wa mai tuba wannan aikin yadda yake, ai ka zalunce shi.

Fara duba ginin kiɗan naka. Ɗauki misalin Maple Leaf Rag na Scott Joplin, shahararren mai tsara ragtime, wanda John Stark ya wallafa a garin Sedaliya a 1899, sassa huɗu gare shi, kowanne gida 16, kowane gida bugu biyu. Ana yin na farko sau biyu, na biyu sau biyu, a koma na farko sau ɗaya, sannan na uku da na huɗu sau bibbiyu. Wannan maimaicin shi ne arzikinka. In tiramfet na ɗaya ya ɗauki waƙar a zagayen farko, miƙa wa na biyu a zagaye na gaba, na ɗayan kuma ya sauke ƙarfen daga bakinsa jini ya dawo leɓe. Ko gida takwas ya samu ya huta, za ka ji bambanci a sautinsa.

Inda na fi so ka daɗe shi ne hannun hagun mai piyano, wanda ke riƙe da sautin ƙasa. Daɗin ragtime yana zuwa ne daga saɓani: ƙasa tana tafiya daram kamar sojan fareti, sama kuma tana faɗowa tsakanin bugu, tana riga shi ko tana yi masa jinkiri. In ƙasa ta yi rawa, saɓanin ya ɓace. To raba aikin hannun hagun kashi biyu. Tuba ya ɗauki sautin ƙasa a kan bugu, gajere, ya taɓa ya saki. In ya ja shi, nan nauyin da kake kuka da shi ke shigowa, kuma ratar da ya bari ita ce wurin shan iskarsa. Hon da tirombon su amsa a tsakani. Ka lura da mai hon sosai. Bakin ƙahonsa baya yake kallo, sautin sai ya daki bango kafin ya iso kunne, shi ya sa amsarsa kan zo a makare. Ya riƙa shigowa da ɗan wuri, kamar mai gudun a riga shi.

A sashe na uku, inda aka saba sauya ki, wato sautin da aka gina kiɗan a kansa (a Maple Leaf daga A-flat aka koma D-flat), ni hon nake ba waƙar, a sassauta murya, tirombon ya karɓi aikin ƙasa na ɗan lokaci, tuba ya huta. Dawowarsa a sashe na huɗu sai ka ji kamar an buɗe ƙofa.

Nau'o'in ki masu flat (alamar sauke sauti da rabin mataki), irin su B-flat, E-flat da F, sun fi kwanciya a yatsun masu busa. Kada ka manta tiramfet na B-flat ana rubuta masa mataki ɗaya sama da abin da kunne zai ji, hon na F kuwa sauti na biyar sama.

Sai gudu. Joplin da kansa ya riƙa rubuta gargaɗi a saman takardunsa cewa kada a buga ragtime da sauri, kuma ga masu busa gargaɗin ya fi ƙarfi. A atisayenku na gaba, tiramfet biyun ku yi shiru tukuna. Tuba, tirombon da hon su yi sashen farko su kaɗai, a hankali, har sai ka ga ƙafarka tana bin su da kanta, sannan ku shigo.